Inda Baƙin Mai Ya Tsaya

Ƙarfe bakwai da kwata na safe motar makaranta ta mutu a tsakiyar hawan da ke bayan kasuwa, da yara ashirin da uku a cikinta. Waɗanda suka gani sun ce injin ya yi wata ƙara kamar an zuba duwatsu a gwangwani, sai ya yi tsit. Motar ta tsaya, ta ɗan yi jim, sannan ta fara sulalewa da baya. Direba ya taka birki sau biyu, a na uku ya ji shi kamar dutse. Da ya hango masu talla cike da ƙasan gangaren, sai ya murɗe sitiyari, motar ta daki katanga ta kife cikin kwata.

Yara tara suka ji ciwo, direba ya karye a cinya. Wata 'yar aji biyu kuwa an ɗauke ta ba ta motsi.

Kafin ƙarfe goma unguwa ta gama yanke hukunci. Jiya-jiya motar ta fito daga gareji da sabon inji, kuma kowa ya san wadda ta haɗa shi: Sifana, 'yar marigayi mai garejin, wadda tun tana rarrafe take wasa da sifanun ubanta har sunan ya bi ta. Wasu suka ce dama ba ta iya ba. Wasu suka ce tsoffin kaya ta wanke da fetur ta mayar. Wani ya rantse da gangan aka yi.

Sufeton 'yan sanda ya sa aka jawo motar zuwa garejin, ya tura duk wanda ya taɓa injin ciki, ya datse ƙofar ƙarfe. Sannan ya aika a ɗauko masa Mai Sawu.

Mai Sawu wani tsoho ne siriri mai ɗingishi. Da ƙuruciyarsa sawun dabbobin sata yake bi, daga baya ya shekara talatin yana kanikanci, shi ya sa duk shari'ar da ta haɗa da inji shi ake nema. Sai da 'yan sanda biyu suka sa shi a tsakiya kafin ya ratsa taron. Ya ga iyaye mata da jinin 'ya'yansu a jikin tufafinsu. Ya ga wani mutum zaune kan jarkar fetur, ya kafa wa ƙofar ido. Aka raɗa masa cewa uban yarinyar nan ne da aka ɗauka ba ta motsi.

"Baba," in ji Sufeto bayan an mayar da sakata, "mutum huɗu gare ni a waje, su kuwa sun fi ɗari biyu. In yarinyar nan ta cika, wallahi ba zan iya riƙe su ba. Nemo min gaskiya tun kafin a bugo daga asibiti."

*

Mai Sawu ya sami Sifana zaune kan wata tsohuwar taya. Ƙanen ubanta, wanda kowa a garejin yake kira Baffa, yana tsaye a kanta kamar mai gadi. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar yayansa, shi ya ƙarasa koya mata aikin.

"'Yata, faɗa min yadda kika haɗa injin," in ji Mai Sawu.

"Baba, na wanke duk hanyoyin mai da buroshi, na hura iska, na haska fitila ta wannan baki na hango hasken ta wancan. Kowane mital da sandar inji take juyawa a kai, sai da na shafe shi da giris kafin na ɗaure. Kowane noti in na gama da shi ina ja masa layin fenti ruwan ɗorawa, don kada in manta. Da muka tayar, jar fitilar mai ta mutu nan take, ya yi minti ashirin yana aiki lafiya lau." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ƙila na bar wani abu. Tun safe nake bi a kaina, na kasa ganowa. In ni ce, ka faɗa kawai."

"Yarinya ce, a yi mata uzuri," in ji Baffa. "Haɗa inji ba wasa ba ne, ko mu da muka tsufa a ciki muna kuskure."

"Me ya sa ba kai ka haɗa ba?"

Baffa ya ɗauki butar mansa daga kan benci, ya cire toshiyar robar da ke bakinta, ya sake mayarwa. "Shugabar makarantar ce ta ce yarinyar take so ta haɗa. Mai abu ai da zaɓinsa."

"Kin taɓa barin injin babu kowa a kansa?" Mai Sawu ya tambayi Sifana.

"Shekaranjiya da rana na fita awa guda neman bel. Na bar Baffa da Mai Wayarin, mai jona mana wayoyi. Mai Kaya ma, wanda muke sayen kayan gyara a wurinsa, ya zo a lokacin, ya kawo filtar mai."

Wani dutse ya sauka kan kwanon rufin, ƙarar ta cika garejin. Sifana ta zabura. Mai Sawu ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya gangara cikin ramin da ke ƙarƙashin motar.

*

Ya kwance kaskon mai na ƙasa. Man yana nan cike, sai dai yana ƙyalli da garin ƙarfe, kuma yana warin ƙuna. Ya murza shi a yatsa, ya sunsuna. Ya duba ragar da famfo yake zuƙar mai ta cikinta, fes take. Ya juya famfon da hannu, mai ya feso masa a fuska.

"To, ka taso daga gida lafiya," ya ce da man, kamar yana magana da mutum. "Sai ina kuma?"

Daga famfo sai filta. Yana kai hannu zai kwance ta ya ji gudu da ihu a bayan gareji. Da ya leƙo, sai ga ɗan sanda ya riƙo ƙafar Mai Kaya, mai sayar da kayan gyaran mota, wani ƙaton mutum mai tumbi, rabin jikinsa ya riga ya haye katanga.

"Fitsari zan yi, Yallaɓai!"

"A saman katanga?" in ji Sufeto. "Baba, ina jin mun samu."

Mai Sawu ya kwance filtar, ya sa zarto ya yanka ta gida biyu a gabansu. Takardar cikinta 'yar siririya ce, an liƙa ta a karkace.

"Gwangwanin na gaske ne, abin ciki jabu," in ji shi.

Mai Kaya ya zube a ƙasa. "Don Allah kada ku miƙa ni gare su. Ina da 'ya'ya biyar. Kowa haka yake sayarwa, wallahi ban san za ta kashe inji ba!"

Sufeto ya riga ya ciro ankwa. Mai Sawu ya ji wani abu yana ce masa ya yi shiru kawai: ga mai laifi an samu, a fita da shi, kowa ya tsira da ransa. Ya matse takardar filtar, mai ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa.

"Dakata, Yallaɓai. Jiƙe take sharkaf, ciki da waje. Ba za ta yi wata uku ba, amma yau ba ta tare komai ba. Mai ya wuce ta nan. Wannan macuci ne, amma ba shi muke nema ba."

"Na gode, Baba, Allah ya saka," in ji Mai Kaya yana share hawaye, "wallahi macuci ne ni kawai."

Ba wanda ya yi dariya.

*

Sufeto ya buga asibiti, aka kara wa direba waya a kunne. Mai Sawu ya karɓi wayar, muryar direban tana fita da ƙyar.

"Jar fitilar mai ta kama kafin inji ya buga?" Mai Sawu ya tambaye shi.

"Ko ƙiftawa ba ta yi ba, Baba. Sabon inji ne, idona yana kanta tun da na fito. Da ta kama da na tsaya, ko a tsakiyar titi ne. Yaya yaran? Ba wanda yake gaya min komai."

Mai Sawu ya miƙa wa Sufeto wayar.

Duk idanu suka koma kan Mai Wayarin, wani ɗan tsamurmurin mutum da ke da teburinsa a kusurwar garejin. Shi ya jona wayoyin injin.

"Ba satin jiya kuka yi cacar baki da direban nan ba?" in ji Baffa a hankali. "Har kake cewa sai ya gani."

"Haba Baffa! Kan batir ne fa! Wa zai kashe 'ya'yan mutane kan batir?"

Mai Sawu ya hau motar ta tagar da ta fashe. Jakunkunan yara suna warwatse a ƙasa, ga wani ɗan takalmi ƙafa ɗaya. Ya kawar da kai, ya murɗa makulli. Jar fitila ta kama. Ya sauko ya bi wayarta har inda ta shiga jikin inji, kusa da filta, babu yanka babu ƙari. Ya cire ɗan ma'aunin da ke wurin ya hura masa iska, fitila ta mutu, ya saki, ta dawo.

"Fitila ba ta yi ƙarya ba, direba ma bai yi ba," in ji shi. "A nan inda take aunawa, mai yana da ƙarfinsa har lokacin da injin ya mutu. Ke nan abin da ya same shi, gaba da nan ya same shi."

A waje aka fara dukan ƙofa da wani abu mai nauyi. Ƙura tana zubowa daga saman bango da kowane bugu.

*

Mai Sawu ya koma rami, ya kira Sifana ta riƙe masa fitila. Suka kwance mital ɗaya bayan ɗaya, daga gaba zuwa baya. Na farko jiƙe da mai, sumul. Na biyu haka, na uku haka. Da suka kai biyun ƙarshe sai da ya sa guduma. Sun bushe ƙayau, sun yi shuɗi don zafi, sun narke sun manne da karanshaf, sandar da take juyawa a cikinsu.

"Kin gani? Mai ya zo nan, ya zo nan, ya zo nan. A nan sawunsa ya ɓace."

Hanyar mai doguwa ce a cikin jikin injin, kamar bututu, kuma a ƙarshenta ta baya akwai wani noti da yake toshe bakinta. Mai Sawu ya goge shi da tsumma, ya karɓi fitilar ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallo.

"Idan kika ja layin fentinki, daga kan noti yake sauka har jikin inji?"

"Layi ɗaya, a miƙe."

"Duba."

Rabin layin yana kan noti, ɗaya rabin yana jikin inji, amma ba su haɗu ba. Tsakaninsu ya kai faɗin farce.

"An buɗe shi bayan kin rufe," in ji Mai Sawu.

Sifana ta dafa bangon ramin. Ya kwance notin, ya tura waya, ta ƙi shiga. Ya ce ta kawo tiyon iska ta sa a ramin ma'aunin nan na gaba. Tana matsawa sai suka ji fat, wani baƙin abu ya fito kamar harsashi ya daki bango ya faɗo cikin ramin.

Roba ce, tsawon yatsa, an yanko ta daga jikin taya an feƙe ta da wuƙa kamar fensir. Mai Sawu ya wanke ta da fetur, ya kai ta inda hasken rana yake shigowa, yana juya ta a hankali. A kowane gefe da wuƙar ta bi akwai wasu 'yan siraran layuka biyu, kusa da juna, sun taso kamar zare. Ya san ya ga irinsu yau. Da ya tuna inda ya gan su, sai ya dunƙule robar a hannunsa.

*

Ya tara su a gaban benci: Sifana, Baffa, Mai Kaya da Mai Wayarin. Sufeto ya tsaya ta wajen ƙofa. Mai Sawu ya ajiye robar a kan farar takarda.

"Ga abin da ya kifar da motar. An tura shi ta baya ya toshe hanyar mital biyun ƙarshe. Ma'aunin fitila yana gaba, shi ya sa bai san abin da ake ciki ba. Wanda ya yi wannan ya san cikin inji kamar ɗakinsa."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Garejin ya yi tsit, har numfashin Mai Kaya ana ji. Sufeto ya duba, ya kara a kunne, ya saurara.

"Ba yanzu ba, ki sayi kowace iri kika samu," ya ce, ya kashe. Ya goge zufa. "Maiɗakina ce. Ci gaba, Baba."

Mai Sawu ya ɗauko guntun taya. "Kowa ya ciro abin da yake yanka da shi, ya feƙe min kaɗan."

Sifana ta yanka da wuƙar aikinta, wurin ya fita sumul. Mai Wayarin ya yi da rezarsa, har ya yanke yatsa, shi ma sumul. Mai Kaya ya zazzage aljihunsa, babu komai sai makullai da biro.

"Baffa?"

"Tawa ta ɓata. Ta kai sati uku."

"Sati uku?" in ji Mai Wayarin yana tsotsar yatsa. "Shekaranjiya fa na ce ka ara min ka hana ni, ka ce ko matarka ba ta taɓa ta."

"Ba komai," in ji Mai Sawu. "Ba sai na ga wuƙar ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki butar man Baffa, ya zare toshiyar bakinta, ya ajiye ta gefen robar. Ita ma daga taya aka feƙe ta. Sufeto ya sunkuya. Layuka biyu a nan, layuka biyu a can, tazararsu ɗaya.

"Bakin wuƙarka ya ɗan ɓalle wuri biyu, abokina. Duk abin da ta yanka sai ta sa masa hannu."

Baffa ya kalli robobin biyu. Ya laluba bayansa ya zauna kan benci. Can ya sa hannu cikin safarsa ya zaro wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi, ya ajiye kan takardar.

"A gaban kowa shugabar makarantar nan ta faɗa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wai idona ya mutu, wai sau biyu ina gyara mata mota tana dawowa, a ba yarinyar. Yarinyar da ni na koya mata riƙe sifana. Shekara arba'in ina aikin nan." Ya dubi wuƙar. "Na ɗauka minti biyar zai yi ya buga, nan cikin gareji, babu kowa a ciki. A ce ba ta iya ba, a dawo min da shi, shi ke nan. Ban san ta cika masa giris haka ba."

"Kai ka ce min kada in taɓa yi wa mital rowar giris," in ji Sifana. Muryarta ta fita ƙasa-ƙasa.

"Giris ɗin ne ya riƙe shi jiya da ba ya ɗauke da kaya," in ji Mai Sawu. "Da ya hau tudu da yara, ya ƙare."

Sifana ta matso har gaban Baffa ta durƙusa, yadda ta saba in za ta gaishe shi.

"Baffa, jiya ka ga an fita da motar, ba ka ce komai ba. To, na ji. Amma yau da safe ta bi ta ƙofar gidanmu, ta yi hon ta ɗauki yaran maƙwabta. Kana ɗaki, na san ka ji. Me ka yi?"



"Na rufe taga," in ji shi.

*

Fitar da Baffa ya fi gano shi wuya. Sufeto ya kwantar da shi a bayan motar 'yan sanda, aka lulluɓe shi da tamfol, aka jibga masa tsoffin tayoyi a kai. Mai Sawu ne ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga robar sama ya yi wa jama'a bayani da ƙarfi, ya ce wadda ta haɗa injin ba ta da laifi, mai laifin hukuma ta san shi. Suna ta ihun a faɗi sunansa motar ta sulale ta gefe. Sai da ta sha kwana wani ya gane, aka bi ta da jifa, amma ta riga ta yi nisa.

Wajen ƙarfe huɗu aka bugo daga asibiti cewa yarinyar ta buɗe ido ta nemi uwarta. Likita ya ce za ta tashi, sai dai hannunta na hagu zai daɗe bai koma daidai ba. Taron ya watse da kaɗan-kaɗan, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Mai Sawu ya raka Sifana gida, don har yanzu akwai masu harara a bakin titi. Da suka shiga tsakar gida suka tarar da matar Baffa, wadda ta goyi Sifana tun tana 'yar shekara shida, tana kwashe shanya. Tun safe take kulle a gida don tsoro, ba wanda ya zo ya gaya mata yadda aka ƙare. Tana ganinsu ta watsar da kayan ta rungume Sifana, tana shafa mata kai da fuska.

"Alhamdulillahi, sun sake ki! Na san 'yata ba za ta yi ganganci ba, na faɗa wa Baffanki tun safe." Ta leƙa bayansu, ta dubi ƙofa. "Ina shi Baffan naki? Ko ya tsaya rufe gareji? Tun rana abincinsa yake rufe, ko karyawa bai yi ba ya fita."

Sifana ta dubi Mai Sawu. Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya zuwa bakin ƙofa. Sai ta kama hannuwan matar biyu da nata masu baƙin mai, ta jawo ta zuwa kan tabarma.

"Inna," ta ce, "zauna tukuna."